Abin da Baffa Bai Manta Ba

Ƙanwata Hadiza,

Sallama da gaisuwa. Ina lahiyarki, ya maigida da yara, ya karatun halayyar ɗan Adam?

Tsufa ya ruɗa Baffa, ko sunana bai riƙe ba, har munka yanke hana shi zuwa fadama. Jiya na bi shi gonar shinkafa. Da lokacinmu na ban ruwa yac cika, yad duƙa yat toshe hanyar ruwanmu da laka, yac ce, "Saura na maƙwabci." Mun fasa tsare shi.

Tambayo min malamanku: in hankali ya tahi, ina amana take zaune?

Ki gaishe da kowa, ki sa Baffa cikin addu'a. Ya manta mu, bai manta haƙƙin mutane ba.

Yayanki Bello, Wurno