Taken da ya ci hannun babana

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni dattijo ne amma zuciyata ta ƙi tsufa kan wannan magana.

Mu gidan makaɗan tauri ne a ƙasar Bagudo. Ga wanda bai sani ba, kowane ɗan tauri yana da takensa, kiɗan da in ya ji jikinsa ke tsuma ya zaro wuƙa, kuma ba a buga shi sai mai shi yana tsaye a wurin. A shekarun da aka samu mulkin kai, ina ɗan saurayi, babana ya tsallaka Dahomi wajen wani biki, can ya haɗu da wani baƙin mutum ɗan ƙasar Kyuba, shugaban makaɗa masu ƙahonnin busa, yana yawon duniya yana neman kiɗan kakanninsa. Mutumin ya ji gangar babana har ya yi hawaye. Baba kuwa Allah ya ji ƙansa akwai son yabo, sai ya zage ya buga masa mafi daɗin abin da ya iya, taken Gagare, ɗan taurin da duk yankinmu ake shakka. Ya ɗauka abu ya ƙare a tsallaken iyaka.

Ashe an naɗa a faifai. Ana nan ranar kasuwar Lolo wani mai atamfa ya kunna garmaho, sai ga taken Gagare an haɗa shi da bushe-bushe, 'yan mata suna ta karkaɗa jiki. Gagare yana rumfar mahauta ya ji. Ya ragargaza garmahon, ya tsaga kafaɗar mai atamfa, bai tsaya ko'ina ba sai cikin gidanmu da rana tsaka. Ya ce an mayar da shi abin rawar mata. A gabana ya danne hannun daman babana a bakin turmi ya dinga dukansa da taɓarya, har yau ina jin ƙarar ƙasusuwan nan. Ƙannen baba suka ƙone wa Gagare rumbuna, mutanen Gagare suka sare ƙafar kawuna, sai da hakimi ya tara kowa, aka sa babana ya rantse ba zai ƙara buga taken ba. Hannun ma bai sake riƙe makaɗi ba. Amma ya koya mini taken a ɗaki, da baki, yana ɗan dukan gwiwarsa da hagu.

To yanzu jikan ɗan Kyuban nan ne ke riƙe da ƙungiyar makaɗan kakansa, wai kiɗan ya zaga duniya kuma ba wanda ya san daga ina ya fito. Sun bi diddigi har suka samo ni a waya, suna so su zo su ɗauki bidiyo ina bugawa, a faɗi sunan babana kowa ya ji. Wallahi da na ji haka na yi kuka. Magana ta kai kunnen jikokin Gagare, babbansu ya tare ɗana a tashar babura ya shaƙe shi, ya ce a gaya wa tsoho turmin da taɓaryar ba su ƙare a garin ba. Ɗana ya dawo da leɓe a fashe, shi ma yana wasa adda. Matata ta ce in bar matattu su kwanta. Ni kuma na ce baba ne ya rantse, ba ni ba, kuma ban yafe ba, ba zan yi muku ƙarya ba.

Ni kaɗai na rage da na iya taken nan yadda yake. In na buga, na san jini zai zuba, kuma wataƙila ba nawa ba, na 'ya'yana. In na yi shiru, duniya za ta ci gaba da rawa da hannun babana ba tare da ta san sunansa ba. Jama'a in ce musu su zo, ko in tafi kabari da shi?