Kumburin Wuyan Baba

Shango, Minna.

Zuwa ga Yaya Sule,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Ya aiki, ya zaman Legas?

Yaya, kumburin wuyan Baba ba mugun jini ba ne. Wata bakwai muna kiran wanzami yana masa ƙaho, ashe lokaci muke ɓatawa. Watan jiya na kai shi asibiti, aka yanki ɗan nama don a bincika. Da na koma, likitan ya ce in leƙa madubin da suke duba ƙwayoyin jiki. Na leƙa. Ƙwayoyi ne cunkushe, da yawa suna tsakiyar rabuwa gida biyu. Ya ce wasu siraran zaruruwa ne ke jan kowane rabi gefensa, kuma akwai sinadarin da ke taka wa rabuwar birki. A wuyan Baba birkin ne ya lalace. Ciwon daji ne.

Allurar da aka fara masa tana hana zaruruwan aiki, amma ba ta bambance ƙwaya mai ciwo da lafiyayya. Jiya da safe yana taje gemu, sai gashin ya biyo matajin. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Halima, kada ki gaya wa Sule."

To, na gaya maka. Ku sa shi a addu'a, ka gaida Anti da yara. Don Allah ka nemi hutu ka hawo jirgin ƙasa, ka zo tun yana iya fitowa zaure ya tarbe ka.

Ƙanwarka,
Halima.