Wayar da na bari a kamyon surukina

Malam Njidda, don Allah ka taimake ni. Kwana shida ke nan ko tuwo ba ya wuce mini a maƙogwaro. Ba zan faɗi sunana ba, a unguwarmu kowa ya san kowa.

Ni mai gyaran wayar mota ne. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, ban taɓa ƙona wa kowa mota ba. Surukina, mahaifin matata, direban kamyo ne, wato babbar motar kaya, albasa yake ɗaukowa daga Garwa zuwa kasuwar Mokolo da ke nan Yawunde. Dattijo ne mai kwarjini. Shekara huɗu da na auri 'yarsa, ban taɓa haɗa ido da shi ba. In yana zaune a ƙofar gida, ta lungun mahauta nake zagayawa, ko da ruwa ake tsugawa. Tsakaninmu sai gaisuwa, ita ma a tsugune, daga nesa. Haka aka rene mu, kai ma ka sani.

To, tun da zargina, 'yan fashin hanyar arewa, suka tare wani abokinsa bara, hankalinsa bai sake kwanciya ba. Ya sa aka yi wa ƙofofin kamyon sakata ta ciki, aka manna wa tagogi ragar ƙarfe. Sannan ya aiko ta bakin Hajja, surukata, wai yana son in sa masa manyan fitilu huɗu a saman mota, ya riƙa hango shingen ɓarayi tun daga nesa. Wallahi na ji daɗi. Motar nan bai taɓa bari na taɓa ta ba, wani gareji yake kai ta a unguwar Tsinga.

Fitilu huɗu sun fi ƙarfin tsohon altanato, wato abin da ke cajin batir. Na samo babba, na hannu, wanda ya ninka shi ƙarfi, na ɗaura. Amma babban altanato da waya mai kauri yake tafiya, duk mai sana'ar nan ya san haka. Na yini ina zaga Mokolo ban samu ba. Tun da aka karya darajar kuɗinmu sefa masu kayan mota suka daina kawo sabo. Ga Hajja ta aiko har sau biyu wai Baba yana jira. Sai na bar tsohuwar wayar, 'yar siririya, na ce wa raina za ta ɗauka. Ko fis, mai yanke wuta in ta yi yawa, ban sa ba.

Ranar gwaji na kunna komai, na bar injin yana aiki. Ko rabin awa ba a yi ba na zura hannu na taɓa wayar. Malam, har yanzu ga bororo a yatsana. Robar ta yi laushi, tana ƙauri. Kuma wayar nan ta gefen bututun gazuwal, wato man dizal, ta bi, daidai ƙarƙashin kujerar direba. Lokacin ne ya kamata in yi magana. Amma surukina yana can tsaye da abokansa, yana kallon fitilun yana murmushi, sai na cusa hannun a aljihu na ja bakina na yi shiru.

Washegari a ƙofar masallaci, a gaban jama'a, ya nuna motar ya ce: "Aikin surukina ne." Ban taɓa jin ya ambace ni ba sai ranar. Da yamma ya aiko mini da hula. Tana nan a rataye, na kasa sa ta.

Yanzu motar tana ƙofar gidansa, shi kuma yini yake a gindinta kan tabarma. Asabar ta sama zai kama hanya. Tafiyar kwana uku, fitilu a kunne awa da awa, mutum ya kulle kansa a ciki da sakata. Na taɓa ganin yadda wutar waya take cin mota, ba ta jiran kowa. Tsoro nake ji, Malam, tsoro ƙwarai. Ma'u, matata, tana ta tambayar abin da ke damuna, na ce mata ciwon kai ne. Na yi tunanin in lallaɓa in gyara ba da saninsa ba, to ta ina? Na yi tunanin in gaya wa Hajja, sai in ga kamar na kunyata shi ne bayan ya yabe ni a bainar jama'a. Wani lokaci kuma in ce wataƙila wayar ta kai shi ta dawo da shi. Yaya zan yi?

Mai waya, Briqueterie, Yawunde

Amsa

Mai waya, na ajiye wasiƙu biyu da suka riga taka zuwa don kada Asabar ta riga mu.

Da farko, cire "wataƙila" daga ranka. Na nuna wasiƙarka ga Mohaman Bello, dattijon da ya tsufa a aikin waya. Ya ce wayar da ta ƙona yatsa cikin rabin awa mota tana tsaye, ba za ta ga Garwa ba. Kai ma ka sani, shi ya sa tuwo ya ƙi wucewa.

Ba zan yi wa kunyarka dariya ba. Girmamawa ce, kuma na tabbata surukinka yana lura da zagayen da kake yi ta lungun mahauta. Amma ka yi wa kanka adalci. Rabin abin da ya rufe maka baki kunya ce, rabi kuwa tsoron kada a karɓe hula ne.

Al'adar da ta hana ka tunkararsa ai ta bar maka ƙofa. Wane ne ya je neman maka aure? Kawunka ne ko baffanka, je wurinsa yau. Ku tafi tare, shi ya yi magana, kai ka tsuguna a baya yadda ka saba. Sai dai kada a je a ce akwai "ɗan gyara". A faɗa masa wayar za ta iya kamawa da wuta, ka gani tun ranar gwaji, ka yi shiru. Ka nuna masa yatsan. Direba ne, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Batun gyara, Mohaman Bello ya ce ka leƙa wurin masu walda, wayarsu mai kauri za ta yi. Ka sa fis kusa da batir, ka sauya wayar da ke zuwa jikin mota ita ma, ka janye su daga bututun gazuwal. In ba ka samu ba, mayar da tsohon altanato ka cire fitilun, ya tafi da waɗanda ya saba. Kuma a duba sakatar nan, a tabbata tana buɗuwa da hannu ɗaya. Ma'u ma ka gaya mata kafin ta ji a bakin wani, ubanta ne.

Zai yi fushi? Mai yiwuwa. Zai iya mayar da motarsa Tsinga, ya shekara bai ambace ka ba. Ka haƙura. Ko ka je ko ka ƙi, sai ka tsuguna a ƙofar gidan nan. Gara ka tsuguna a gabansa yana yi maka faɗa, da ka tsuguna kan tabarmarsa kana karɓar gaisuwar rasuwarsa, yatsanka a aljihu.

Tashi ka je. Allah Ya ba ka ƙarfin zuciya, Ya kai shi Garwa lafiya, Ya dawo wa Ma'u da ubanta.

Malam Njidda