Baba Ya Ƙi Taɓa Rumbun da Ya Gina

Tanti Hafsatu, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. An ɗora mini wani aiki da ban san ko zan iya ba, kuma idon mahaifina ne a tsakiya. Na sauya sunayen mutane, don a wajenmu kowa ya san kowa.

Ni ina aure a Tasawa, ina ɗinki a ƙofar gida. Mahaifina, bari in kira shi Baba Gamaliyel, yana ƙauyenmu can wajen Attantane. Manomi ne, kuma dattijo a ƴar majami'armu. Tun ina ƙarama abu biyu aka san shi da su. In ya yi saran shuka da sungumi, layinsa kan miƙe har masu wucewa su tsaya kallo. Na biyu kuma, ba ya ƙarya, ko ta wasa. Mu ƴaƴansa mun sha wuyar wannan, don ko baƙon da ba ya son gani ne ya yi sallama, ba mai ikon cewa Baba ba ya nan.

Sai na koma baya kaɗan kafin ki gane. Ina da ƙane, Yosuwa, da masassara ta ɗauke yana ɗan yaye. Lokacin malka ne, rumbu duk sun yi ƙasa. Baba ya wuni yana bin gidaje neman abin da za a kai yaron likita a sayi magani. Ba wanda ya hana shi, babu ne. Kafin ya haɗa, yaron ya cika a bayan innarmu. Baba bai yi kuka a gaban mutane ba. Da kaka ta yi, sai ya gina rumbu a bayan gidanmu, ya sa daminsa biyu, ya bi gari gida gida. Abin da ya riƙa faɗa wa mutane shi ne ciwo da damina yake zuwa, abin hannu kuma da kaka, to a biya da kaka tun kowa yana lafiya. Kirista suka sa, Musulmi suka sa, Fulanin da ke zama kusa da mu suka riƙa kawo ɗan akuya. In damina ta yi hatsi ya yi tsada, sai a fitar a sayar, a biya wa yaro magani, ko a zuba wa mota esans a ɗauki mai naƙuda. Muna ce masa rumbun majinyata. Ban san yawan yaran da ke yawo yau a garinmu albarkacinsa ba, amma ɗiyata ta fari tana ciki.

To bana, bayan shuka da ƴan makonni, sai ga Baffa Abdussalamu a ƙofar gidana a Tasawa. Bafulatani ne, aminin Baba. Shekara da shekaru bayan girbi yakan zauna da shanunsa a gonarmu, ya bar mana taki, Baba ya ba shi hatsi. Ya sha ruwa, ya tambayi yara, ya tambayi keken ɗinki, ya kewaya ya kewaya. Daga baya ya ce hatsin Baba ya tsiro, kuma layuka sun karkace sun shiga burtali, hanyar shanu, sun ci kusan rabinta a gefen gabas. Samarin rugarsu sun so su kai ƙara wajen maigari, shi ya hana su. Ya ce musu mutumin da ya yi shekaru yana tsawata wa ƴan uwansa manoma a kan cin burtali ba zai ci ba da saninsa, sai dai in idonsa ne. Tun ranar, duk safiya shi da kansa yake tsayawa da sanda a bakin shukar har shanu su wuce ta ɗan abin da ya rage.

Tanti, na je gida washegari. Na shiga tsakar gida, Baba ya dube ni ya kira ni da sunan Miriyam, matar yayana Sani. Sai da na yi magana ya gane ni. Ashe an jima yana laluben hanya da ƙafa, yana gane mutane da murya. Miriyam ce ta bi shi da ƙwaryar iri ranar shuka, ta ga layi yana fita daga shingen aguwa, amma amarya ce, kunyar suruki ta hana ta buɗe baki. Ban ga laifinta ba. Na gaya masa maganar burtali. Ya ce in riƙe masa hannu mu je. Da hannunsa ya tuge shukar nan duka, yana durƙushe, ya hana ni taya shi. Daga nan muka wuce ruga ya ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya, har samarin da suka so kai shi ƙara suka rasa inda za su sa idonsu. Ina kuka, amma ban taɓa jin alfahari da shi kamar ranar ba.

Na lallaɓa shi muka je likita. Majo, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, ya haska idon ya ce ga alama yanar ido ce, kuma ana yin aikinta mutum ya koma gani, sai dai a Maraɗi. Da na tambaya, ga kuɗin mota na mutum biyu, ga abinci, ga kati, ga gwaji, ga aikin kansa, ga magani bayan aiki. Kuma sai ka biya kafin a taɓa ka.

Nan ne muka yi karo da dutse. Dattawan gari suka ce a buɗe rumbu, ya ƙi. Wai bara ba a samu ba sosai, rumbun bai cika ba, ga masassarar yara a gaba, abin da za a kashe wa idon tsoho ɗaya zai ishi yara da yawa. Na ce a ba da gefen gona jingina, ya ce ya ga gonakin da suka tafi ta wannan hanya ba su dawo ba. Baffa Abdussalamu ya jawo ɗan maraƙi har ƙofar gida, Baba ya shafa bayansa, ya yaba ƙibarsa, ya ce a mai da shi, don ya san shanun da Baffa ya rasa da rani. Wai shi Baba ya ga duniya ta ishe shi. Kullum yana zaune bakin rumbun da mabuɗi a wuya, mutane suna gaishe shi suna yabon halinsa. Har Liza maƙwabciyarmu, da ɗanta ya kwana biyu da zafin jiki, ba ta zo neman komai ba sai da Miriyam ta ja ta. Cewa ta yi in Baba bai taɓa ba, ita wace ce.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Yayana Sani yana aikin gini a Aljeriya, ya kira ni ta salula, sun ƙulla shawara da mijina. A sayar da maraƙin Baffa a ɓoye, Sani ya turo abin da ya samu, a cike da ɗan hatsi daga rumbu, sannan a gaya wa Baba cewa wasu likitoci sun zo Maraɗi suna aikin ido kyauta. Kuma ni za a aika da maganar, don duk cikinmu ni ce yake cewa na gado shi, abin da na faɗa ba ya tambaya sau biyu. Sani ya ce ƙarya ɗaya ba ta kai ido biyu ba. Wata rana in ji ya yi gaskiya, wata rana in ji ba zan iya duban fuskar Baba ba, ko da shi ba ya ganin tawa. Ina jin haushin taurin kansa, kuma wannan taurin kan ne nake ƙauna. In yi ƙaryar, ko in bar shi ya makance da mutuncinsa?

Ƴar mai rumbu, Tasawa

*

Ƴata, na karanta wasiƙarki har sau biyu, kuma kafin komai ki gaishe mini da mutum biyu. Mahaifinki, wanda ya rasa ɗa ya mai da baƙin cikinsa rumbu. Da Baffanki, wanda ya ga an ci masa hanya ya fara tunanin lafiyar wanda ya ci. Kin tashi cikin mutanen kirki.

Amsata a gajarce: kada ki yi ƙaryar. Ba don ina ganin Sani mugu ba ne. Ɗa ne da ke nesa, yana jin ubansa na makancewa, ya kama abin da hannunsa ya kai. Amma ki yi tunani. A asibiti za a ambaci kuɗi a gabansa, na gadon kusa zai yi masa hirar abin da ya biya. Ko hakan bai faru ba, ranar da idon ya buɗe zai nemi maraƙin nan a garken Baffa, zai leƙa rumbu. Abin da zai fara gani da sabon idonsa shi ne ƴar da ya fi yarda da ita ta ruɗe shi. Ga kuma abin da ya fi wannan nauyi: in aka taɓa hatsin jama'a a ɓoye sau ɗaya, ko don alheri ne, da kaka mai zuwa wani zai riƙe daminsa.

Sai dai ba zan ce ki bar shi ba, don mahaifinki ma yana da kuskure. Lissafinsa na damina daidai ne, ki faɗa masa haka, yaran da masassara ke jira su ne a gaba. Inda ya kauce, ke da kanki kika rubuta, kika wuce kamar ba komai ba ne: maganar Liza. Mutumin da ya gina rumbu don kada kowa ya ji kunyar nema, yau zamansa a bakin ƙofar yana koya wa mutane cewa mai mutunci ba ya ɗiba. Wannan karon Miriyam ta ja ta. Wata uwar ba za ta sami mai jan ta ba. Wannan za ki kai masa, ba roƙo ba, ba kuka ba. Mutum irinsa ba ya motsawa don kansa, amma zai motsa don ɗan Liza.

Ga yadda nake ganin ku bi. Na farko, ku raba dubawa da aiki. Majo cewa ya yi ga alama, bai tabbatar ba. Yanar ido sau da yawa takan jira ƴan watanni, amma akwai ciwon ido da ba ya jira, kuma abin da ya cinye ba ya dawowa. Likitan ido kaɗai zai bambance. Ku kai shi yanzu a duba, abin da Sani zai turo ya isa wannan, kuma uba ba shi da hujjar ƙin kuɗin ɗansa. Kuna can ki tambayi ainihin abin da aikin zai ci, ki tambayi ofishin taimakon marasa ƙarfi, ki kuma tambaya ko akwai aikin ido na kyauta ko na rangwame da ake jira, don akan yi lokaci lokaci. In akwai na gaske, kin huta. In likita ya ce ana iya jira, ku tsai da magana da Baba a gaban dattawa: bayan girbi, in rumbu ya cika, za a ɗebi rabonsa da rana tsaka kowa na gani, kamar yadda ake ɗibar wa kowa. In ya ce ba a jira, to a tara gari a faɗa musu, su masu hatsin su yanke. Maraƙin kuwa, ki bar tsofaffin biyu su ƙarata tsakaninsu. Baffa ya san yadda zai tuna masa cewa shi bai taɓa mai da hatsin da aka ba shi ba.

Bari in ƙara da abin da ke ci mini rai. Wasiƙu irin taki ba su yankewa a teburina. Tsarin da ke cewa sai ka biya a bakin ƙofa ranar da ka faɗi, a watan da rumbunka ya ƙare, shi ke sa mutane ɓoye ciwo har ya ci ƙarfinsu. An yi wa ƙananan yara da masu ciki alkawarin kyauta, amma iyaye da yawa suna rubuto mini cewa takarda ake miƙa musu su je su sayo magani. Tsoffi kuwa ba mai ambatonsu. Abin da manomi ɗaya ya gane a bayan gidansa, a tara tun ana lafiya, a karɓa lokacin da mutane ke da shi, kowa ya sa kowa ya ɗiba, shi ya kamata masu tsara lafiyar ƙasa su zauna su yi wa jama'a duka. Rumbun ƙauye ɗaya ba zai iya ɗaukar aikin asibiti shi kaɗai ba, kuma bai kamata a bar dattijo yana auna idonsa da jinin jikokinsa ba.

Ki je gida wannan makon. Ki zauna kusa da shi a bakin rumbun, ki gaya masa komai, har shirin ƙaryar da aka so ki yi, da dalilin da ya sa kika ƙi. Ya ce kin gado shi, to ki nuna masa. Allah ya ba shi lafiya, ya saka wa Baffa Abdussalamu da alheri. Baɗi in an yi ruwan shuka, ki karɓi ƙwaryar iri daga hannun Miriyam, ki bi bayansa, ki ga layin nan ya miƙe ya tsaya daidai bakin aguwa.

Taki,
Tanti Hafsatu