Ƙofofin da Na Juya Yamma

Litinin, 6 ga Yuni 1977

Ni Rabo Abarshi, aji biyu na yi a kwaleji na fito. Ba wanda ya riƙe mini hannu. Na fara da kwaɓa laka a Bazaga, yau magina goma sha biyu ke ƙarƙashina. Lakwal ɗin Ingilishi da ke hanyar Malbaza, makarantar da ɗiyan injiniyoyin Turawa ke karatu, ni na gina ta: azuzuwa huɗu, ɗakin littattafai, tankin ruwa, har filin ƙwallo ni na daidaita. Yanzu ta cika shekara goma, za su kafa allon tarihinta a bakin ƙofa. Ba a neme ni ba. Me ya sa?

Laraba, 8 ga Yuni

Na gamu da Munkaila, tafintan Direkta, a kasuwar Ƙonni. “Ran maigida shi daɗe!” Fara'ar ta yi yawa. Na tambaye shi zancen allo, sai ya shiga taya albasa.

Asabar, 11 ga Yuni

Na tahi lakwal da kaina, wai duba tsagar tanki. Takardar abin da za a rubuta a allon na bisa tebur a buro, ofishin Direkta. Ingilishina na bakin iyaka ne, amma ya isa. An sa shekarar da aka buɗe, yawan littattafai, har itatuwan dogonyaro an ƙirga. Sannan: mai zane daga Ingila, cikin hikimarshi, ya fuskantar da ƙofofi yamma saboda ruwan sama.

Hikimarshi! Mutumin da bai taɓa taka Ƙonni ba. Zanen da ya aiko ƙofofi da tagogi duk gabas suke kallo, inda hadarinmu ke tasowa. Da na bi shi, ruwan farko ya wanke littattafan nan. Na juya ginin ban shawarci kowa ba, tsohon Direkta ya kusa korata.

Munkaila na wurin ran nan. Shi ya ɓoye, na rantse.

Talata, 14 ga Yuni

Matata Saratu ta ce, “Maigida, allo za ka ci?”

Jumma'a, 17 ga Yuni

Bayan masallaci Munkaila ya tare ni. Wai sau biyu yana gaya wa Direkta ba mai zane ne ya juya ƙofofin ba. Direkta ya ce a kawo shaida, wanda ya ga abin da idonshi. Ban yarda da shi ba tukuna. Sai ya ce, “Baba Takama na da rai ai. Ba shi ya zauna bisa tubali ya ce ba ya aza ko ɗaya sai an juya ba?”

Wa ya tambaye shi wannan?

Litinin, 20 ga Yuni

Jiya hadari ya taso daga gabas, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da safe na leƙa lakwal: bangon baya sharkaf, littattafai ko ɗigo.

Na biya Bazaga wurin tsoho Takama, maginin da na fara ɗaukar wa laka. Idonshi ya tahi. Ya ji muryata ya ce, “Rabo mai taurin kai, har yanzu ƙofar na yamma?” Ya yi ta dariya. To, shi ya fara hwaɗi, gaskiya ne. Amma wa ya tsaya gaban Bature?

Gobe zan ɗauko shi a mota mu ga Direkta. A cire mai zanen nan. A rubuta Rabo Abarshi da manyan baƙaƙe, in ga an sassaƙa da idona. Layin ƙasa akwai wuri. Sunan Takama ba shi da tsawo.