Ke Kirki, Ni Haƙuri

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, amin. Mu ma nan sai godiya. Baban yara ya koma tuƙi bayan ciwon bayan nan, shagon ɗinki kuma ana lallaɓawa. Ƙafar Inna ta ɗan saki, har tana takawa bakin ƙofa da sanda. Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon waya. Kin san kunnen Inna: a kira ta shan magani ba za ta ji ba, amma da na ɗaga waya na ambaci sunanki sai ta miƙe zaune.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Ma'aikaciyar asibitin da ke zuwa motsa wa Inna ƙafa ta ga hotunanmu a bango, ta tambayi su wane ne. Inna ta nuna Yaya ta ce wannan akwai zuciya, amma ba ya riƙo. Da ta zo kanki kuwa, Auta, sai fuskarta ta washe. Ta ce wannan ita ce mai kirkin gidan, ga fara'a, ga sanyin hali, ta yi ta lissafi har matar ta gaji da gyaɗa kai. Ni ina durƙushe a ƙasa ina matse tawul cikin ruwan zafi. Sai matar ta ce to ita wannan fa? Inna ko kallona ba ta yi ba, ta ce wannan kam mai haƙuri ce. Shi ke nan rabona.

Na kai ƙara wurin baban yara, ya yi dariya har da buga sitiyari, wai duk yabo ne, me ya raba kirki da haƙuri? Na ce masa ya tsaya kan tuƙinsa. Mai kirki kewarsa ake yi, ana leƙen hanya ana jiran isowarsa. Mai haƙuri kuwa jingina ake yi da shi kamar bango, kuma ban taɓa ganin wanda ya yi wa bango sannu ba. Sanyin hali da shi aka haife ki, ba ki biya komai ba. Haƙuri sai an gajiyar da mutum, ya haɗiye. Kuma ke shaida ce, ni ba halina ba ne. Wa ya jefi ɗan maƙwabta da takalmi don ya sa ki kuka? Ɗabi'a ce na koya a bakin gadon Inna, ranar da ta fara watso mini magani a jiki.

Ba zan yi miki kawaici ba, wallahi kishinki nake. Ki zo da turare da mayafi, ki yi 'yan kwanaki ana ta dariya, ki tafi ki bar mini ita tana shinshinar mayafin. Ni da nake juya ta, nake yanke mata farce, ko sau ɗaya ban ga fuskar nan ta washe saboda ni ba. Ba laifinki ba ne, na sani. Sanin bai rage mini komai ba.

To, yanzu maganar ta girma. Inna ta ce wurinki take son komawa da zama, kuma ni ta sa in gaya miki. Na tambaye ta ko wani abu na yi mata, ta ce a'a, so take in huta. Kin ji ko? Na shiga shago na rufe ƙofa, na yi kuka a kan yadin mutane.

Idan kin amince, ki zo ki ɗauke ta, ba zan hana ba. Sai dai ki sani ba ta haɗiyar ƙwaya sai an daka mata. Ba ta yarda kowa ya ga ƙafar idan ta kumbura. Ranar da ciwon ya motsa za ta gaya miki maganar da ba ki taɓa ji daga bakinta ba. Kada ki amsa, ki ci gaba da matse tawul. Watarana za ki ji ta gaya wa baƙo cewa Auta mai haƙuri ce. Ranar ki kira ni. Zan sayi turare da mayafi in zo, ko Allah zai sa ni ma in ga fuskar nan sau ɗaya.

Ki gaishe da maigidanki, da surukarki, da 'yarki, 'yar lelena sarkin surutu. Yaya da matarsa suna gaisuwa, baban yara ma haka. Inna ta ce in gaishe ki, ta kuma maimaita don kada in manta.

Taki,
Yayarki mai haƙuri