Zare Mai Ƙulli Biyu

Zuwa ga Yaya Asabe,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinki, yaya maigidan da jaririya, ya sanyin Jos? Mu a Kurmin Mashi lafiya lau, sai kewarki.

Yaya, wannan maganar da baki ba zan iya ba. Rigar maman da Inna ta ɗinka mini kafin ta rasu ta matse ni, igiyarta har ta ci mini kafaɗa. Na je kasuwa, matar da ke sayar da su ta zazzage kwandonta kaf, duk sun yi mini kaɗan. Sai ta ce a gaban mutane, "'Yata, je wurin tela ya auna ki." Telan kuwa namiji ne. Na dawo ina kuka cikin mayafi, Baba ya tambaya, na ce ciwon kai ne. Yanzu ko dandali ba na fita, ina ɗaki da littafina.

Ga zare nan, ni na auna kaina na ƙulla, ƙullin farko na ƙasa, na biyu na sama. Don Allah ki ɗinka mini wata, da igiya mai faɗi.

Ki gaida mutanen gidanku, ki sa mu a addu'a. In za ki aiko, ki naɗe ta cikin zane, don Baba ne zai karɓo.

Ƙanwarki,
Ladi